CACA TA BAR LUNGU TA SHIGA ALJIHU: HALIN DA KANTIN KWARI KE CIKI DA ABIN DA KE TAFE

 



Abin da aka nemi in yi magana a kansa shi ne sana'ar caca, matsalolin da take fuskanta a wannan jiha tamu, da kuma makomarta. Na san wani zai ce, ina ruwanmu da matsalolin 'yan caca? In sun ga dama su karye. To, ɗan uwa, da ruwanmu. Masu wannan sana'a suna zama su yi lissafin gobensu kamar yadda kowane ɗan kasuwa ke yi, kuma a cikin lissafin nan nasu, jarin da suke taƙama da shi shi ne yawan matasanmu da wayoyin da ke hannunsu. Wanda ake lissafi da ɗansa kuwa, wajibi ne ya san abin da aka rubuta a littafin.

Caca ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Tun dā akwai 'yan karta a lunguna da gidajen mata masu zaman kansu da bakin tasha. Amma caca ce mai kunya. Ɗan caca ɓoyewa yake yi, ba a ba shi aure cikin daɗin rai, ba a ba shi ajiya, kuma kalmar kanta zagi ce. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka yanka Sabon Gari domin baƙi ma'aikata da 'yan kasuwa, sannu a hankali irin cacar Turawa ta sami wurin zama a can: takardun cacar ƙwallon Ingila da ake cikewa kowane mako, da injinan nan da ake jefa wa kuɗi a ja hannu, waɗanda ake kira kalo-kalo. Ɓarnar injinan ta kai har gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta kafa dokar haramta su a 1977. Ku lura, ba malamai ne suka kafa wannan doka ba, sojoji ne, domin sun ga abin da injin ke yi wa albashin ma'aikaci. Manyan gidajen caca irin na otal-otal kuwa, masu tebura da faifai mai juyawa, waɗannan a Legas da Abuja suka fi kafuwa, kuma masu hannu da shuni ne ke shigarsu.

A wancan zamani, tsakanin Kantin Kwari da wurin caca akwai tafiya. Yaro sai ya bar shago, ya ƙetara zuwa Sabon Gari, ya yi ta waige-waige kada wani ɗan unguwarsu na Fagge ya gan shi. Wannan 'yar tafiya da wannan waige sun tsare mutane masu yawa. Yau babu tafiyar. NairaBet ta fara a 2009, Bet9ja a 2013, sa'an nan SportyBet da BetKing da 1xBet da ire-irensu suka cika ƙasa, ga kuma cacar lambobi ta Baba Ijebu. Da farko shaguna suka buɗe, masu kama da gidan kallon ƙwallo. Daga baya suka koma cikin waya. Yanzu yaro yana zaune a kan dilar atamfa, ubangidansa na gefe yana jan carbi, shi kuwa yana cikin gidan caca tsundum, ba wanda ya sani.

HUKUNCIN DA BABU SAƁANI A CIKINSA

Allah Ta'ala ya ambaci caca da sunan maisir a Suratul Baƙara aya ta 219, da Suratul Ma'ida aya ta 90 da ta 91. A wuri na farko ya haɗa ta da giya, ya tabbatar da cewa akwai wani ɗan amfani a cikinsu, amma zunubinsu ya rinjayi amfanin. A wuri na biyu ya yanke hukunci: ya jera ta da giya da gumaka da kiban ƙuri'a, ya kira su ƙazanta ta aikin Shaiɗan, ya umarci a nisance su, kuma ya faɗi dalili, watau jefa gaba da ƙiyayya a tsakanin mutane da shagaltar da su daga ambaton Allah da salla.

Ya kamata mu san wace irin caca ce ayoyin suka tarar, domin a nan ne amsar wata shubuha ta zamani take. Larabawan Jahiliyya sukan sayi raƙumi su yanka, su kawo kibiyoyi goma a cikin jaka. Bakwai suna da rabo, daga mai kaso ɗaya har zuwa mai kaso bakwai, wadda suke kira Mu'alla. Uku ba su da komai. Wanda kibiya maras rabo ta fito da sunansa shi ke biyan kuɗin raƙumin. Ibn Ƙutaiba ya wallafa littafi sukutum a kan wannan al'ada. Abin lura shi ne, waɗanda suka ci galibi ba sa cin naman, talakawa suke raba wa, musamman a lokacin sanyi da fari, har suna ganin wanda ba ya shiga wannan caca marowaci ne. Ashe ke nan cacar da Alƙur'ani ya haramta caca ce mai ciyar da mabuƙata. To, in wannan ba ta tsira ba, ina ga wadda ribarta ke tafiya asusun kamfani? Saboda haka idan aka ce muku kamfanonin caca suna biyan haraji, suna ɗaukar matasa aiki, suna tallafa wa ƙungiyoyin ƙwallo, ku ce ba mu musa ba. Amfanin nan ne da aka ambata a Baƙara, kuma an riga an auna shi, an ga bai kai nauyin zunubin ba.

A Sunna kuwa, Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira (R.A.) cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya umarci wanda ya gayyaci abokinsa zuwa caca da ya yi sadaka. Gayyata kawai, ba a kai ga zubawa ba. Sai masu tura wa abokai lambar tikiti a WhatsApp su yi wa kansu hisabi. Muslim ya ruwaito hani a kan cinikin garari da cinikin jifa da tsakuwa, inda sa'a ce ke zaɓa wa mai saye abin da zai samu. An yi rangwamen sa lada a gasa a abubuwa uku kawai, harbi da tseren dawaki da na raƙuma, saboda su ne shirin kare al'umma a wancan lokaci. Wannan kuwa ga masu gasar ne da kansu. Ɗan kallo da zai zuba kuɗi a kan wane ne zai ci, babu malamin da ya halatta masa.

Akwai masu cewa ai kasuwanci ma caca ne, tunda ana riba ana faɗuwa. Wannan magana ba ta dace da bakin ɗan Kwari ba, domin ya fi kowa sanin bambancin. Idan ka sayar wa baƙo daga Maraɗi turmi ɗari na atamfa, kai ka sami kuɗi, shi ya sami kaya, ɗan dako ya sami ladansa, mai mota ya samu, tela ya samu, amarya ta ɗaura. Kowa ya tashi da wani abu. Haɗarin faɗuwa yana biyo bayan cinikin ne, ba shi ake saye ba. A caca kuwa haɗarin shi ne hajar. Ba a saƙa komai ba, ba a ɗinka komai ba, kuma babu yadda za a yi wani ya ci sai wani ya rasa.

LISSAFIN DA BA A RUBUTA A JIKIN TIKITI

Tunda da 'yan kasuwa nake magana, bari mu yi lissafi. A ɗauka ƙungiyoyi biyu ne ƙarfinsu ɗaya, ko wannan ta ci ko waccan. Wani ya zuba Naira 1,000 a kan ta farko, wani ya zuba 1,000 a kan ta biyu. Da adalci ake so, wanda ya ci zai karɓi 2,000. Amma kamfani 1,900 zai ba shi, ko abin da ya yi kusa da haka, ya riƙe 100. Ko wa ya ci, kamfani ya sami kashi 5 cikin 100. Shi ba caca yake yi ba, la'ada yake yanka.

Yaranmu kuwa ba wasa ɗaya suke bugawa ba, jerawa suke yi, domin a nan ne ake nuna musu manyan lambobi. A ce yaro ya jera wasanni goma irin wancan a tikiti ɗaya da Naira 100. Za a rubuta masa cewa in duk sun ci zai karɓi kimanin Naira 61,300. Ransa ya biya. Abin da ba a rubuta masa ba shi ne, hanyoyin da wasanni goman nan za su iya ƙarewa guda 1,024 ne, kuma ɗaya tak ce tasa. Da zai sayi dukan hanyoyin don kada ya kuskure, zai kashe Naira 102,400, a ba shi 61,300. Watau la'adar kamfani ta tashi daga kashi 5 zuwa kashi 40. Wane ɗan kasuwa ne a cikinku zai sari kaya a 102,400 alhali ya tabbata 61,300 zai sayar? Haka abin yake a manyan gidajen caca. Faifan da ake kira rulet gurabu 37 gare shi, amma ana biyan wanda ya dace kamar gurabu 36 ne. Irin wannan la'ada ce ta gina benayen Las Vegas da Makawu.

Kuma kada ku raina maganar nan da yara ke yi, “wasa ɗaya ne ya ɓata mini.” Wannan shi ne ƙugiyar. Wanda ya ci tara ya faɗi ɗaya yana jin kamar ya kusa, alhali a wurin kamfani shi da wanda ya faɗi goma duk ɗaya ne. Sa'an nan an ga jiran Asabar da Lahadi ya yi tsawo, sai aka ƙirƙiro ƙwallon da kwamfuta ke bugawa da kanta, ana gama wasa cikin 'yan mintuna dare da rana, da kuma wasan ɗan jirgin nan mai tashi, wanda kuɗi ke ninkuwa har ya ɓace. A nan babu ma zancen sanin ƙwallo. Likitoci sun daɗe da sanya jarabar caca a sahun jarabar ƙwaya, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2024 cewa kimanin kashi 1.2 cikin 100 na manyan mutanen duniya suna fama da ita, kowane ɗaya kuwa cutarsa tana shafar kimanin mutum shida na kusa da shi.

AMANA CE JARIN KWARI

Yanzu mu zo gida. Jama'a, me ke riƙe da Kantin Kwari? Ba gine-gine ba ne, ba kuma dilolin shadda da leshi ba. Mun ga ambaliyar Agusta 2022 ta shiga shaguna ta lalata kaya masu ɗimbin yawa, kasuwa ta tashi ta ci gaba. 'Yan uwanmu na Kasuwar Sabon Gari sun ga gobarar 2016, su ma sun miƙe. Abin da ke riƙe da kasuwar nan shi ne mutum ya ɗauki kayan miliyoyi da kalmar baki. Babban dila ya ba mai shago, mai shago ya ba ɗan tebur, ɗan tebur ya ba mai yawo da kaya a kafaɗa, da yamma ko ƙarshen mako kowa ya kawo ciniki. Baƙo yana Agadas ko Njamaina ko Garwa ya bugo waya, a ɗaure masa kaya a kai tasha, kuɗi su biyo baya. Babu lauya, babu takardar jingina. Ruwa da wuta ba sa cin wannan jari, amma caca tana cinsa.

Ga yadda take shiga. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, ciniki ya koma tiransifa. Da yawa daga cikin iyayenmu masu shaguna ba su saba da manhajar banki ba, ko kuwa ba sa zama a shago, saboda haka sai mai saye ya tura kuɗi asusun yaro. Asusun da kuɗin maigida ke shiga, shi ne wanda yaron ke zuba caca da shi, a waya ɗaya, da yatsa ɗaya. Ranar farko aron dubu biyu zai yi, da niyyar mayarwa kafin la'asar. In ya faɗi, sai ya ɗauki biyar don ya fanshe biyun. Wanda ya fi shiga uku ma shi ne wanda ya ci a ranar farko, domin shi ya ɗanɗana. Haka za a yi ta tafiya, yana toshe ramin jiya da cinikin yau, yana cewa baƙon bai turo ba tukuna, ko banki ya riƙe kuɗin, har ranar da babban dila ya zo karɓar kuɗinsa aka buɗe littafi. Daga nan sai ofishin 'yan sanda, sai iyaye su sayar da fili ko akuya ko kayan ɗakin uwa, sai zumuncin shekara talatin ya yanke, tunda galibi yaron ɗan ɗan'uwa ne ko ɗan maƙwabci. Gaba da ƙiyayyar da aka faɗa a Ma'ida ke nan, ga su a fili.

Ɓarnar ba ta tsaya a shago ɗaya ba. Maigidan da aka ci amanarsa sau ɗaya ba zai ƙara sakin kaya ba sai da kuɗi a hannu. Yaro mai gaskiya, wanda bai taɓa buɗe manhajar caca ba, shi zai biya bashin, domin hanyar da ubangidansa ya bi ya zama mutum, watau a ba ka kaya bashi ka juya, an rufe ta kafin ya iso.

A fiƙihu, yaron da aka damƙa wa dukiya ya ci, maha'inci ne, ba ɓarawon da ake yanke wa hannu ba. Hukuncinsa biya da ladabtarwar alƙali. Na faɗi wannan ne domin a daina wuce gona da iri, a daina ɗaure yaro a bayan shago ana duka kamar babu hukuma. Amma fa iyayena, ku yi mini haƙuri, in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Yaro nawa ne a kasuwar nan suka shekara bakwai, goma, suna buɗe shago suna rufewa, ba su san albashinsu ba, ba su san ranar da za a sallame su ba? Abin da ake ba shi kuɗin abinci ne da na mota, sai ɗinkin salla, sai “Allah ya yi maka albarka.” Malaman fiƙihu sun shardanta a san lada kuma a san wa'adi kafin ijara ta inganta. Wanda ya ɗauki yaro a kan ladan da ba a ambata ba da ranar da ba a yanka ba, shi ma ya sa shi cikin garari. Yaron nan yana ƙirga miliyoyi da hannunsa kullum, ya kai shekarun aure, kuma tun da aka cire tallafin mai a Mayu 2023, Dala ta haura Naira 1,500 a 2024 a nan Wapa, kuɗin lefe ya fi ƙarfinsa nesa ba kusa ba. Masaƙun da dā ke ɗaukar irinsa aiki a Bompai da Sharaɗa da Challawa galibinsu sun rufe. Sai ga waya tana ce masa da Naira ɗari zai zama miloniya. Wannan ba uzuri ba ne a wurin Allah, haramun haramun ce. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wannan tsaga ɗin ce kuma MMM ta bi a 2016, CBEX ta bi a 2025, kuma a waɗannan biyun ba yara kaɗai aka wanke ba.

ƘALUBALEN DA KE GABAN MASU SANA'AR

An ƙaddamar da Shari'a a Kano a shekarar 2000, aka kafa Hukumar Hisba da doka a 2003, kuma caca laifi ce a ƙarƙashin dokar jiha. Amma a 2005 Majalisar Tarayya ta yi dokar caca ta ƙasa, ta kafa hukuma a Abuja mai ba da lasisi. Sai masu shaguna suka sami garkuwa: in Hisba ta zo, su ɗaga takardar Abuja. A Oktoba 2024 Hisba ta rufe shaguna 30 a unguwa ɗaya a rana ɗaya, bayan koke-koken iyaye, kuma shugaban ƙungiyar ma'aikatan caca na Kano da bakinsa ya ce shagunansu sun kai 200 a birnin. Hukumar Abuja ta yi ƙorafi, aka dakata.

Sai ga hukuncin Kotun Ƙoli na ranar 22 ga Nuwamba, 2024. Kotun ta ce tsarin mulki bai ba Majalisar Tarayya ikon yin doka a kan caca ba sai a Babban Birnin Tarayya, ikon na jihohi ne. Abin mamaki, ba Kano ce ta kai ƙarar ba, ba Zamfara ba. Jihar Legas ce ta shigar da ita tun 2008, kuma ba don ta hana caca ba, sai don harajin ya zama nata. Allah ya kan taimaki gaskiya da hannun wanda ba ita yake nema ba. 'Yan kwanaki bayan hukuncin, Hisba ta sanar da cewa za ta koma rufe shagunan. Garkuwa ta faɗi. Daga wannan rana, duk shagon caca da ya rage a buɗe a Kano, ba za a ce laifin Abuja ba ne.

A waje ma sana'ar tana shan matsi, kuma daga waɗanda ba ruwansu da Ma'ida. A Ingila, mahaifar cacar ƙwallo, an rage mafi yawan abin da za a iya zubawa a injinan shagunan caca daga Fam 100 zuwa Fam 2 a 2019, an hana yin caca da katin bashi a 2020, kuma a 2023 ƙungiyoyin gasar Firimiya suka amince za su cire sunayen kamfanonin caca daga ƙirjin rigunansu bayan kakar 2025/2026. Indiya ta haramta wasannin kuɗi na intanet a Agusta 2025. Idan kasuwa ta ƙuntata a can, ina kuke zaton za a nufa? Sai inda matasa suka fi yawa, doka ta fi rauni. Kada kuma wani ya kawo mana hujja da ƙasashen Larabawa, domin a Oktoba 2024 Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta ba kamfanin Wynn na Amurka lasisin gidan caca a Ra'asul Khaima. Aikin Balarabe ba nassi ba ne.

Saboda haka ni a ganina, mai cewa sana'ar caca ta mutu a Kano yana yaudarar kansa. Shagon ne ke mutuwa, kuma kamfanonin ba za su yi kukan mutuwarsa ba, tunda waya ba ta biyan haya, ba ta biyan ma'aikaci, ba ta rufewa da dare, kuma ba a sa mata kwaɗo. An kashe maciji ba a sare kansa ba. Haka nan ba daidai ba ne mu riƙa nuna Sabon Gari da yatsa kamar can ne tushen cutar. Ku je ku duba su wane ne ke cika shagunan can, za ku ji sunayen da ake raɗawa a masallatanmu. Kuma ina roƙon hukuma ta yi adalci: kada a kama mai Naira ɗari a nuna shi a talabijin, a bar Alhajin da ke hawa jirgi ya zubar da miliyoyi a teburin otal, ya dawo a ba shi sahun gaba.

ABIN DA KE HANNUNMU

Wanda ya fi sauƙi shi ne na masu gidaje da shaguna. Imam Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa cewa Uwar Muminai A'isha (R.A.) ta sami labarin wasu da ke zaune a gidanta suna da abin wasan nardi, sai ta aika musu cewa ko su fitar da shi ko ta fitar da su. Wannan wasa ne kawai, kuma ba ta jira hukuma ba. Mai ba da hayar shago ga kamfanin caca, da mai POS da ya san kuɗin da yake turawa na caca ne, da mai gidan kallo da ke buga tikiti a bayan labule, duk sun yi taimako a kan saɓo, kuma kuɗin da suka karɓa a kan haka ba halal ba ne.

Ku kuma iyayena masu shaguna, ku buɗe asusu da sunan shago, saƙon shigar kuɗi ya riƙa zuwa wayarku, kada kobo ɗaya na ciniki ya ƙara bi ta asusun yaro. Ku rufe littafi kullum, ba sai ƙarshen wata ba. Wannan ba zargi ba ne, kariya ce gare shi, kuma aya mafi tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi ta sauka. Sa'an nan ku zauna da kowane yaro a gaban shaidu biyu, ku yanka masa lada, ku faɗa masa shekarar sallama. Wanda ya ƙware, ku ba shi jari bisa ƙiradi, kai da dukiya shi da aiki, a raba riba bisa kason da aka ambata tun farko. Masu fitar da zakka, maimakon a canza ta zuwa sababbin 'yan ɗari biyar a raba wa mutum dubu a ƙofar gida, a duba yara biyu ko uku mabuƙata a ba su abin da zai zama tebur. Shugabannin kasuwa su kai wa Majalisar Dokokin Jiha buƙata a rubuce, tunda yanzu ikon nata ne: a hana tallan caca a alluna da gidajen rediyon jiha, a hukunta wakilan kamfanoni da masu ba su haya, a kuma nemi haɗin kan bankuna da kamfanonin waya, domin kuɗin ta hannunsu yake bi. Kuma a tanadi inda za a kai yaron da jarabar ta kama a yi masa magani, domin bulala ba ta warkar da abin da ya zama cuta.

Ƙannena da kuka riga kuka shiga, tambayar da kuka fi yi a ɓoye ita ce, yaya za a yi da kuɗin? Abin da ka ci a caca ba naka ba ne. In ka san mai shi, kamar wanda kuka yi karta da shi, ka mayar masa. In daga kamfani ne, inda kuɗin dubban mutane suka cakuɗe, malamai sun ce a fitar da shi ga matalauta ko aikin amfanin jama'a, da niyyar tsarkake kai, ba da niyyar ladan sadaka ba. Abin da ka rasa kuwa ya tafi, kada Shaiɗan ya ce maka ka buga sau ɗaya na ƙarshe don ka fanshe. Bashin da wani ke bin ka na caca, Shari'a ba ta san da shi ba. Amma kuɗin ubangidanka bashi ne a wuyanka har gaban Allah, salla da azumi ba sa goge shi. Ka goge manhajar yau, ka nemi wani dattijo da maigidan ke jin nauyinsa, ku je tare ka faɗi adadin da bakinka kafin littafi ya faɗa. Kai kuma maigida, in ya zo maka da ƙafarsa, ka rubuta bashin, ka yanka masa abin da zai iya biya duk wata, kuma ka rufa masa asiri a kasuwa.